Yadda ake auna ingancin ƙidayar kabon-14 kafin a yarda da shekarun samfuri

Wanda ya tono gawayi ko ƙashi a wani kufai na ƙasar Damagaram, ya aika da shi ɗakin gwaji a waje, zai sami amsa mai kama da 850 ± 30 BP. BP na nufin shekaru kafin 1950. Wannan 30 ɗin da ke bayan alamar ± ita ce abin bincike, kuma mafi yawanta daga ƙidaya take fitowa.

Na'urar AMS, wadda ɗakin gwajin ke awon da ita, ƙirga ƙwayoyin kabon-14 (nau'in kabon da ke raguwa da tsufan abu) take yi ɗaya bayan ɗaya. Ana mayar da samfurin garin girafit, kimanin miligiram 1, a fitar da ƙwayoyinsa ɗauke da caji, a tace su da maganaɗisu. A sabon abu, kusan ƙwaya 1 ce kabon-14 cikin tiriliyan 1 na kabon, kuma isowarsu ba ta da tsari, kamar yayyafin farkon damina a kan kwano. Shi ya sa idan aka ƙirga N, kuskuren ƙidayar shi ne √N, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka N.

Fara da tambayar masu gwajin ƙwaya nawa suka ƙirga. Sai ka raba 8033 (matsakaicin rayuwar ƙwayar kabon-14 a shekaru, yadda aka amince a yi lissafin BP da shi) da √N, abin da ya fito shi ne kuskuren a shekaru. Ƙidaya 10,000 tana ba da kashi 1 cikin 100, wato shekara 80. Ƙidaya 40,000, shekara 40. Ƙidaya 250,000, shekara 16. Ka lura: rage kuskure da rabi yana buƙatar ƙidaya ninki huɗu, kuma girafit ɗin yana cinyewa ana cikin awon. Tsohon samfuri ya fi wahala, domin kabon-14 yana raguwa da rabi duk shekara 5730. Abin da ya kai shekara 11,460 sai ya zauna ninki huɗu na lokaci kafin ya ba da ƙidayar sabo.

Bayan haka ka haɗa da kuskuren ma'aunin da aka gwada da shi, wato sinadarin da aka san yawan kabon-14 ɗinsa, galibi asid oksalik na 2. Ba tarawa kai tsaye ake yi ba. Ninka kowane da kansa, tara, ka ɗauki √. Shekara 40 da 20 suna ba da 45, ba 60 ba. Ka kuma nemi sakamakon zagayen awon daban-daban. In sun warwatse fiye da yadda √N ya nuna, na'urar ba ta tsaya daidai ba, sai a ɗauki kuskuren da ya fi girma.

Akwai ɓarnar da ƙidaya ba ta gani sam. Sabon kabon kashi 1 cikin 100, daga saiwa ko gumin hannu, yana rage wa samfurin shekara 40,000 kusan shekara 7,000, alhali ± ɗin tana nan ƙarama. Don haka a ɗauki gawayi da ƙarfe mai tsabta, a busar da shi, a tabbatar an wanke shi da asid, alkali, sannan asid, an kuma auna samfurin da ba shi da kabon-14 tare da shi. Gero da dawa suna riƙe kabon-13 fiye da itatuwa, in ba a daidaita awon zuwa −25‰ ba (matakin kabon-13 da aka amince a mayar da kowane samfuri kansa), shekarunsu za su ragu da sama da 200. Duk da haka ƙonanniyar ƙwayar gero ta fi gawayin tsamiya amfani, don itacen yana iya girme wutar da ta ƙone shi da shekaru masu yawa.

Mataki na ƙarshe shi ne mayar da BP zuwa shekarar kalanda da layin daidaitawa na IntCal20 a manhajar OxCal, a karanta tazarar kashi 95 cikin 100, domin ± ɗaya kashi 68 kawai take rufewa. Masu aiki a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, su yi hattara a nan: daga wajen 1650 zuwa 1950 layin daidaitawar yana hawa da sauka, sai awo ɗaya ya dace da zamani biyu ko uku. Ko an biya kuɗin ƙidaya 250,000, da wuya ta raba zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, da ƙarnin da ya gabace shi. A irin wannan wuri, jerin samfura daga shimfiɗun ƙasa na sama da na ƙasa ya fi samfuri ɗaya mai ƙaramar ±.