Yadda Ake Gyara Tazara da Alamomi a Rubutun Hausa

Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Abin da baki ke bambantawa da murya, a takarda sai tazarar da ke tsakanin kalmomi da alamomin rubutu ne ke ɗaukar nauyinsa. Shi ya sa tun ƙa'idojin da Hanns Vischer, Baturen jami'in ilimi da ake kira Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, har zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, ake ta ƙoƙarin daidaita yadda ake rubuta Hausa. Idan ka gama rubutu, bi shi sau huɗu, kowane zagaye da abin da kake nema.

Zagaye na farko, duba raba kalmomi da haɗa su, domin nan ne ɓarnar ta fi yawa. Wakilin suna na shuɗaɗɗen lokaci ba ya mannewa da aikatau: "ya ce", "ta yi", "sun zo", ba "yace" ko "tayi" ba. Haka "za" take tsayawa ita kaɗai: "za mu", "za a". Amma "yana", "suke" da "yakan" a haɗe suke. Gajeriyar mallaka tana manne da suna, kamar "gidansa" da "motarta", doguwar kuwa a ware: "gida nasa". "Ne" da "ce" kullum a ware.

Ga dalilin da ya sa wannan ba ƙaramin abu ba ne. "Ya fita" na nufin ya bar wurin, "ya fi ta" kuwa na nufin ya ɗara ta. "Akan yi ruwa a Agusta" al'ada ce ta lokaci, "a kan tebur" wuri ne. Mafi muni shi ne "ya bata kuɗi". Mai rubutu yana nufin ya ba ta kyauta, mai karatu da ya saba ganin an bar lanƙwasa sai ya ɗauka ɓata kuɗin ya yi. Tazara ɗaya tak ta mai da mai alheri almubazzari. Idan ka yi shakka, sauya wakilin sunan ka gani: tunda ana cewa "ya fi shi", to "fi" da "ta" kalmomi biyu ne.

Zagaye na biyu na haruffa masu lanƙwasa ne: ɓ, ɗ, ƙ da 'y, wadda ake rubuta ta ƴ a Nijar. "Kafa" ba "ƙafa" ba ce, "bari" ba "ɓari" ba ne. A waya, saka Hausa cikin harsunan Gboard, wato manhajar allon rubutu ta Google, za ka sami haruffan. Kada kuma ka yar da alhamza a tsakiyar kalma: "sa'a", "ma'aikata".

Zagaye na uku, karanta da ƙarfi. Inda magana ta cika, sa aya. Inda ka ɗan ja numfashi ba tare da maganar ta ƙare ba, waƙafi ne. Gwada "Bari ya tafi" da "Bari, ya tafi". Na farko izini ne, na biyu labari ne cewa mutumin ya riga ya wuce. Alamar tambaya ma wajibi ce, saboda "Ya zo." da "Ya zo?" kalmominsu ɗaya, murya ce kawai ta raba su. Alamar motsin rai guda ɗaya ta isa, jera uku ba ya ƙara wa magana ƙarfi. Ruwa biyu (:) kafin lissafo abubuwa, baka biyu ( ) don ƙarin bayani, karan ɗori (-) a kalmomi irin su "wasa-wasa" da "barkonon-tsohuwa".

Zagaye na ƙarshe na ido ne. Alama tana manne da kalmar da ta gabace ta, sai tazara ɗaya bayanta. Wanda ya saba da Faransanci yakan bar fili kafin alamar tambaya da ruwa biyu, wannan ƙa'idar Faransanci ce, kuma a allon waya takan sa alamar ta faɗo sabon layi ita kaɗai. Fara kowace jimla da babban baƙi. Sakin layi kuwa, jimla uku zuwa biyar sun wadatar, domin abin da ya cika layi huɗu a kwamfuta yakan kai goma sha biyu a waya. Bar layi ɗaya fari tsakanin kowane sakin layi da na gaba.