Kurakuran da Ke Ɓata Bugun Raga Irin na Pop Art

In ka ƙura wa hotunan 'yar fim Marilyn Monroe da mai zane Andy Warhol ya buga a 1967 da raga (wato tura tawada ta cikin raga zuwa kan takarda) ido, za ka ga jan baki ya ɗan zarce leɓe, kwallin ma bai zauna kan layinsa ba. A nan masu koyo suke fara tuntuɓe. Mutum zai buga launi huɗu, kowanne ya kama gabansa, in ka yi magana ya ce ai salon Warhol ne. Sam! Warhol ya shafe shekarun 1950 yana zanen tallan takalma a Niyok, ya san inda layi ya kamata ya faɗa kafin ya kauce masa da gangan. Kai kuwa takardarka ce ke zamewa.

Maganin bai da wuya. Ka manna 'yan guntayen kwali uku a kan tebur, biyu a ƙasa, ɗaya a gefe, kowace takarda ta jingina da su. Ka fara da launi mai haske, baƙin layi ya zo ƙarshe. Sannan ka bar kowane launi ya shiga ƙarƙashin baƙin da kamar milimita ɗaya, don kada farin takarda ya riƙa leƙowa.

Sai batun ɗigo-ɗigo, wanda mai zane Roy Lichtenstein ya aro daga mujallun katun tun 1961. Raga mai manyan ramuka ba ta riƙe ƙananan ɗigo, wasu su ɓace, wasu su fito da wani zane-zane kamar saƙar tabarma. Yawan zaren raga a inci ya kamata ya ninka layukan ɗigon sau huɗu zuwa biyar. Layin ɗigo 45 a inci, raga mai zare 180 zuwa 225.

Kafin ka haska raga don zanen ya kama a kanta, ɗaga fim ɗin, wato ledar da ke ɗauke da zanen, ka duba shi a rana. In haske na ratsa baƙin, haɗa fim biyu. In kuma sinadarin da ka shafa wa ragar ya yi santsi yana wankewa gaba ɗaya, haskawar ce ba ta isa ba.

Tawada mai ruwa kan bushe a cikin raga, balle da hunturu. Bayan kowane jan tawada a kan raga, ka mayar da tawadar ta lulluɓe zanen kafin ka ɗauko wata takarda.

Kuskuren da ya fi tsada ba a tebur yake ba. Ganin Warhol ya buga Mickey Mouse a 1981 da tambarin Chanel da Mobil a 1985 ba izini ba ne gare ka. A 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta ba mai ɗaukar hoto Lynn Goldsmith gaskiya a kan Gidauniyar Warhol, saboda hoton mawaƙi Prince da ita Goldsmith ta ɗauka, wanda Warhol ya yi amfani da shi. In sayarwa za ka yi, zana naka katun ɗin, ko ka nemi izinin mai shi a rubuce.