Kurakuran da aka fi yi wajen gwada sinadaran tsirrai cikin ƙwayoyin nano kan sankarar fata

Sinadarin kurkumin da ke cikin gangamau da ƙyar yake narkewa a ruwa, kuma hanta ba ta ɓata lokaci wajen kawar da shi. Shi ya sa masu bincike ke naɗe shi cikin ƙwayoyin nano, wato mitsi-mitsin ƙwayoyin da ido ba ya gani, na kitse ko na PLGA (wani sinadari mai kama da roba da jiki ke iya narkarwa), da fatan ya isa ga ƙarin sankara ya taya garkuwar jiki yaƙar melanoma, wata muguwar sankarar fata, irin yaƙin da maganin zaburar da garkuwa mai suna ipilimumab ya buɗe ƙofarsa a 2011, pembrolizumab da nivolumab suka biyo baya a 2014. Dabarar tana da ma'ana. Abin da ke damuna shi ne yadda aiki mai kyau kan lalace tun daga tsarin gwaji.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne zaɓen ɓera. Sai mutum ya dasa ƙwayoyin melanoma na ɗan Adam a jikin ɓeran nan marar gashi, ƙari ya ragu, ya rubuta cewa ya tayar da garkuwar jiki. To wace garkuwa? Wannan ɓera ba shi da cikakkun ƙwayoyin T, wato sojojin garkuwar jiki, dalilin da ya sa jikinsa ya karɓi dashen ke nan. Gyaran shi ne a dasa ƙwayoyin melanomar ɓera da ake kira B16-F10 a ɓeran C57BL/6, wani jinsin ɓeran gwaji mai cikakkiyar garkuwa, a ƙirga ƙwayoyin T masu kisa, wato CD8, da suka kutsa cikin ƙarin. Wanda ke son hujja mai ƙarfi sai ya kawar da CD8 ɗin a wani rukuni. In maganin ya ci gaba da aiki ba tare da su ba, gubarsa ce ke kashe ƙari kai tsaye.

Sai gurɓata. Ɗan ɓurɓushin gubar bakteriya da ake kira endotoksin a ruwa ko a kwalba ya isa ya zaburar da ƙwayoyin garkuwa, a ba tsiro yabon da ba nasa ba. A yi gwajin LAL, mai gano endotoksin, kafin allura, a kuma ware rukunin da za a ba ƙwayoyin nano fanko, da wanda za a ba sinadarin tsurarsa.

Kurkumin kansa mayaudari ne a kwanon gwaji. Yana da launi, yana ƙyalli, yana kuma rugujewa da sauri, don haka kada a dogara da MTT kaɗai, wato gwajin da ke auna rayayyun ƙwayoyi ta hanyar launi. Girman ƙwayar nano ma a auna shi cikin ruwan jini, domin furotin kan lulluɓe ta ya sauya halinta.

Kada kuma a ɗauka duk abin da aka tsira a jijiya ya isa ga ƙari. Wani bita na 2016 ya gano cewa matsakaicin abin da ke kaiwa ga ƙari kashi 0.7 ne cikin ɗari. A auna abin da ya taru a hanta da saifa, a kuma duba ko allura cikin ƙarin ta fi, tunda a fata yake.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Melanomar baƙar fata ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce, kuma ba ta amsa magungunan garkuwa kamar wadda rana ke haddasawa. Zabiya kuwa wata sankarar saman fata ce daban, ba melanoma ba, ta fi addabarsu. Mai bincike a Kano ko Zariya ya fayyace wace iri yake nufi tun a taken aikinsa.