Kurakuran masu neman tsuntsun kurosbil a hunturun Kanada

Babban kuskure shi ne mutum ya koma inda aka gan su bara, yana zaton suna nan suna jiransa. Kurosbil, ɗan tsuntsun nan da bakinsa na sama da na ƙasa suka gicciye kamar almakashi, ba shi da mazauni ɗaya. Inda abinci yake, can yake. Da wannan bakin yake ɓare 'ya'yan itatuwan fain da sifurus ya zaro ƙwayar da harshe, su kuwa itatuwan ba sa yin 'ya'ya daidai kowace shekara: bana su yi tuli, baɗi a nema a rasa. Shi ya sa gandun Algonkwin na lardin Ontariyo kan cika da su wata shekarar, wata kuma tsit. Kafin ka fita, duba hasashen inda tsuntsayen za su je da hunturu, da ake fitarwa kowace kaka, wanda masanin tsuntsaye marigayi Ron Pittaway ya fara, Tyler Hoar ya gaje shi a 2020. In ka isa, ɗaga kai ka dubi ƙololuwar itatuwan. Ba 'ya'ya? Ƙara gaba.

Wasu kuma ido kaɗai suke dogara da shi, alhali kunne ne ke fara gano su. Suna ci can sama, ganye ya rufe su, amma da sun tashi sai ka ji "kip-kip-kip". Ɗauki kukan da wayarka. Jan kurosbil na Arewacin Amurka ya kai iri goma, kuma da kukan tashi ake rarrabe su. A 2017 ma an ware wani iri na jihar Aidaho ta Amurka a matsayin jinsi mai zaman kansa. Dubi ƙasa kuma: ɓawo warwatse a kan dusar ƙanƙara alama ce an ci a wurin.

Masu jiran ja kawai sun yi asarar rabin garken, domin mazan ne jajaye, matan kuwa ruwan ɗorawa ne mai sirkin kore. Kuma wani jinsin kurosbil yana da fararen layuka biyu a fiffike, amma ba duk mai irin layukan ne kurosbil ba. Akwai wani tsuntsu, gurosbik, shi ma ja da layukan, sai dai ya fi girma sosai, bakinsa gajere mai kauri, bai gicciye ba.

Abin da ya fi ciwo a wurina shi ne gudu da mota. Tsuntsayen nan na sauka kan titi su tsinci gishiri da tsakuwar da ake watsawa saboda santsi, ba su da saurin tashi, motoci na kashe su da yawa. Rage gudu a hanyar daji. Batirin waya da na kyamara kuwa, sa su a aljihun ciki, sanyi na cinye caji nan da nan.