Yadda za ka kai waifai kowace shiyya ta gida ba tare da jan waya ba

Gidajenmu na Sakkwato ba don waifai aka gina su ba. Katangar ƙasa mai kauri, bulon siminti, rufin kankare (dakin) da aka cika da rodi, ƙofofin ƙarfe, duk cinye sabis suke yi. Shi ya sa rawuta, wato na'urar da ke watsa waifai, tana falon maigida tana aiki lafiya lau, amma a shiyyar mata sai an fito tsakar gida ana ɗaga waya sama. Haɗa waɗannan na'urori sana'ata ce, daga Mabera har Arkilla, kuma sharaɗin masu gida kusan ɗaya ne: kada a fasa bango, kada a ga waya tana reto.

Kafin ka kashe ko sisi, matsar da rawutar. Fito da ita daga bayan talabijin, ka ɗora ta sama da tsayin mutum, kusa da tagar da ke kallon tsakar gida, eriyoyinta a tsaye. Tsakar gida ita ce hanyarka. Sabis ya fi son ya fita ta taga, ya ratsa fili, ya shiga wata tagar, a kan ya huda bango uku. Nesanta ta da firji da tankin ruwa, don ƙarfe da ruwa duk suna tare shi. In mai layi ce, ta MTN ko Airtel, duba ko a sabon wurin tana kama sabis ɗin kamfanin da kyau.

Rawuta da yawa suna fitar da zango biyu. Na 5 GHz ya fi sauri amma bango na karya shi da wuri, na 2.4 GHz ya fi nisa. Ɗakunan nesa su hau 2.4, kuma in maƙwabta sun cika wurin, shiga saitin rawutar ka sa tashar da take watsawa a kan 1 ko 6 ko 11.

Sai awo. Sauke manhajar auna waifai a wayarka ka zaga gidan, ƙofofi a rufe yadda suke zama da dare. Lamba -60 tana da kyau, -70 ta fara rauni, -80 ba ta da amfani.

In wannan bai isa ba, sayi ripita, na'urar da ke karɓar sabis ɗin rawuta ta isar da shi gaba. A nan ake yawan yin asara, domin kowa so yake a jona ta a ɗakin da babu sabis. Wata Hajiya a Runjin Sambo ta tsare ni: "Ɗana, ɗakina na babu sabis, don mi za ka aza ta ga baranda?" Na ce, "Hajiya, kamar ladanin da ke isar da kabbarar liman ga sahun baya take. In shi bai ji liman ba, me zai isar?" Wurinta shi ne tsakanin rawuta da ɗakin, inda awo bai fi -65 rauni ba. Haɗawar ba wuya: jona ta kusa da rawuta tukuna, danna maɓallin WPS a jikin kowacce cikin minti 2, in fitilar ta tsaya cak ka kai ta mazauninta. In babu maɓallin, adireshin shiga saitinta yana rubuce a jikinta. Sai dai ripita mai araha kan raba sauri kusan biyu, saboda da rediyo ɗaya take karɓa take aikawa. Kada ka jera biyu, wannan na karɓa daga waccan.

Babban gida mai shiyyoyi da yawa, ko bene, na'urorin mesh nake ba shi shawara, irin su Deco na TP-Link, masu zuwa biyu ko uku a kwali. Ta farko tana haɗuwa da rawuta da guntuwar wayar da ke cikin kwalin, sauran ta iska suke magana da juna, sunan waifai ɗaya a duk gidan. A bene, ajiye ɗaya a ƙasan matakala, ɗaya a samanta, don nan ne kaɗai rufin kankaren yake da kafa. Sun fi tsada, ba shakka.

Akwai kuma na'urori masu kai sabis ta wayar lantarkin bango. Ba na son su a nan. Gidan da ke da layin NEPA, ga janareto, ga inbata, soket biyu ba lallai su kasance a kan layi ɗaya ba.

Wuta kuma: in an ɗauke, ripita ta mutu ko da rawuta na kan sola. Jona kowacce a soket ɗin inbata, ko ka saya mata ƙaramin batir na rawuta, bayan ka duba ko bolt 9 ko 12 take ci. Ripitar da ake cusawa kai tsaye a soket ba ta karɓar irin wannan batir, ka lura tun a shago. Zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 yana sa su tsayawa da rana tsaka, don haka inuwa da iska, ba ƙarƙashin kwano ba, kuma a riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu.

Ripitar da ke kusa da zaure har majalisar ƙofar gida take kaiwa. Don haka sa tsarin tsaro na WPA2 da kalmar sirri mai tsawo, ba lambar wayar maigida ba, sannan ka kashe WPS in ka gama haɗawa.