Maganar gaggawa, a buga waya

Salamu alaikum 'yan uwa 'yan kasuwa. Shawara ce, musamman ga matasanmu na Kumasi da suka saba da tura imel.

In kana da magana ta gaggawa da dila a Accra, ko mai fito maka da kaya a tashar jirgin ruwa ta Tema, ɗauki waya ka kira. Imel kan kwana biyu ba a buɗe shi ba, kuɗin ajiyar kwantena kuwa kullum hawa yake. Alhajin da ke zaune a shago a Kejetia ko Aboabo, yaushe ya ga ta imel? Sai dai yaronsa ya karanta masa, in ya tuna.

Ciniki ma ba ya daɗi a rubuce. A waya za ka gaishe shi, ka tambayi iyali, ka ji daga muryarsa ko "albarka" ɗin ta gaske ce ko da sauran ragi. A imel "ba zai yiwu ba" kawai za ka gani, har ka zaci wulakanci ne.

Sai 'yan damfara. Sukan kutsa cikin imel su canza lambar asusu a takardar biya. Kafin ka tura ko sidi ɗaya, kira lambar da ka sani tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba. In MoMo ne, wato tura kuɗi ta waya, duba sunan da ya fito.

Da kun gama magana, rubuta masa farashi, yawan kaya da ranar isowa, ko ta WhatsApp ce, ya amsa cewa ya gani.