Masu sabuwar garka, ku daina kashe mana tsuntsaye

Duk shekara, da an kai hatsi rumbu kuma ruwan tabki ya fara ja da baya, sai ka ga samari sun kama fili a bakin Tabalak ko kwarin Maggiya za su yi albasa. Madalla da neman na kai. Abin da ya ishe ni shi ne kuskuren da na tafka shekara goma sha biyar da suka wuce, shi suke ta maimaitawa kamar gado aka raba musu. Na faɗa da baki har na gaji, bari in rubuta.

Mafi muni shi ne barbaɗa hatsi mai guba don tsuntsu. Shekarar da na fara, kurciyoyi suka addabi fangalin da na zuba iri. Wani mai tebur a kasuwa ya ƙulla mini magani a leda, tsaki-tsaki kamar yashi, launin shunayya, ba suna ba takarda. Na cuɗa da gero na watsa da marece, na tafi gida ina jin na yi dabara. Da safe kurciyoyi na nan zube, amma tare da su akwai zabi goma sha huɗu da matata ta shekara tana kiwo. Kwana biyu bayan nan na tsinci shirwa biyu a gindin gawo, sun ci gawar kurciyoyin. Wanda har yau yake hana ni barci kuwa, yaron maƙwabcina ne da na tarar ya cika riga da matattun tsuntsaye zai je ya gasa. Kawuna ne ya ƙwace su, ya juyo ya dube ni ya ce, "Kai ɗana, garka ka zo yi ko makabarta?" Ban iya ɗaga kai ba.

Daga baya malamin gona ya gaya mini sunan abin: karbofuran. Jijiyoyi yake kamawa, tsuntsu ya hau rawar jiki, yawu na zuba, fukafukai su ƙi tashi, numfashi ya tsaya. Ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe ƙaramin tsuntsu, kuma gubar na nan a cikin gawar tana jiran wanda zai ci. Kwamitin tantance magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel ya haramta shi tun 2015, to amma wa ya ce haramci yana hana leda tsallaka iyaka? Ni yanzu tsohon gidan sauro nake shimfiɗa wa iri har ya yi ƙarfi, in ja igiya in rataya gwangwanaye. Wasu na cewa wahala ce. Su je su tambayi kuɗin zabi goma sha huɗu.

Na biyu ɗan'uwan na farko ne: a sa wa mushe guba don kare ko dila da ya kama akuya. Wallahi wannan ganganci ne! Ungulu ba ta jewar banza, ita ke riga kowa sauka, kuma ba ɗaya take zuwa ba. Mushen jaki guda zai kwantar da garke. Waɗanda suka girma a Tawa sun san yadda ungulaye ke cika mahauta a da, har sai an kore su da sanda. Yau je ka ƙirga. A 2015 aka sa ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa, kuma guba da masu sayen kanta don haɗa magani suna cikin manyan dalilai. Kana ƙyamarta, alhali ita ke kwashe mushe kafin ya ruɓe ya tara ƙuda da karnuka. Mutanen Indiya sun ɗanɗana: maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, diklofenak, ya lalata ƙodar ungulayensu har fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu iri suka tafi, sai a 2006 aka hana ba dabbobi shi. Ni dai dabbata in ta mutu bayan an yi mata allura, rami nake haƙawa mai zurfi in binne. Dila kuma, ka gyara shingen ƙaya, ka ɗaure awakinka da dare.

Sai wankin fanfon feshi a bakin tabki. Ƙanena, ruwan da ka ɗauraye bido a ciki shi ne kifi ke rayuwa a ciki, shi zalɓe ke kiwo, shi agwagwin ruwa da ke tasowa tun daga Turai lokacin sanyi suke sauka. Ba banza aka sa tabkin Tabalak cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2005 ba. Ɗebi ruwa a bokiti, ka yi nisa da gaɓa, ka wanke, ka fesa ɗaurayen a kan fangalin da ka riga ka yi wa magani.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa. Kada ka ninka ma'auni wai don ya fi ci, marfi ɗaya in an ce ɗaya. Baƙin man injin ban ruwa ba a zubar da shi a magudana, yana manne wa gashin tsuntsu ya hana shi tashi. Ledar magani da kwalabe ka huda su ka tara wuri guda, nesa da yara da ruwa. Kada ka yi feshi cikin iska.

In kuma ka ga balbela na bin fangali, ko shamuwa ta sauka gonarka da damina, ajiye fanfon tukuna. Fara da tsutsa suke tsinta, aikin da za ka biya jika-jika a yi maka. In ka fesa, ƙwarin da suka sha magani su za su haɗiye. Ni tsutsar tumatir da 'ya'yan dogon yaro nake fara tarar ta: in daka, in jiƙa ya kwana, in tace da tsumma, in fesa da marece. Sai abin ya fi ƙarfina nake sayen na kwalba, shi ma mai takarda, bayan na nuna wa malamin gona.